Fistin na Shida

Bastos, 17 ga Yuni, 2001

Tadao,

Mutanen gida duka suna gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan da ka yi ƙorafi ya sassauta. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mamai ce ta tashi da shigowar sanyi, amma hakan bai hana ta zagaya ɗakunan kaji tana nemo mana laifi ba.

Wata uku ke nan ba mu ga rubutunka ba. Na san masana'anta ba ta cinye maka yatsu ba, don ɗan gidan Hirata da ya zo hutu ya ce ya gan ka a shagon 'yan ƙasarmu kana tashi da wake da shinkafa faranti biyu. Shekara ɗaya ka ce za ka yi a Japan. Ga ta uku tana neman cika, ban dai ce komai ba.

Ga dalilin wasiƙar. Ranar Lahadi 15 ga Yuli mahaifinmu Papai zai cika shekara uku da rasuwa, malamin haikali zai yi addu'a a maƙabarta da ƙarfe goma na safe. Mamai ta kafe sai an kai ta a cikin Bazawara. Wai baƙar motar nan da kai da shi kuka ƙare shekara huɗu a ƙarƙashinta, ita ma tana da haƙƙin zuwa ta gaishe shi. Har yanzu mijina Dorival ba ya iya kiran sunan motar bai yi dariya ba, tun ranar da na gaya masa Papai ne mijin motar na huɗu, mutum uku sun riga shi mallakarta.

Dorival yana tayar da ita kowace Lahadi yadda ka ce, minti goma, ba ya motsa ta ko taku ɗaya. Sai dai duron mai da ka haɗa ka bari ya ƙare tun watan jiya. Ya ce zai sayo mata fetur mafi kyau a garin nan, mai tsadar nan na masu manyan motoci. In akwai abin da ya kamata ya sani ka rubuto da wuri, kuma ka rubuto masa shi, ya iya karatu.

Yayarka,
Mitiko

Hamamatsu, 22 ga Yuli, 2001

Nechan,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mamai da gwiwarta. Bayana da sauƙi. Raina ne babu sauƙi, kuma kin san dalili.

Wasiƙarki ta iso hannuna ranar 17, kwana biyu bayan an gama ɓarnar. Na sauya gida a watan Yuni, takardar ta yi ta kwana a ofishin ɗan kwangilar da ya kawo mu aiki. Ina karanta layin ƙarshe na fita ba ko takalmin kirki na nemi waya. Mamai ta ɗauka tana kuka, ta ce injin ya mutu a kan tudun maƙabarta. Kika karɓa, na faɗi abin da na faɗa, kika kife mini waya. Sau uku na sake bugowa, sau uku kina kifewa. To takarda dai ba a kife ta.

Magana mafi girma a wasiƙar kika binne ta can ƙasa, bayan gwiwa da kaji da wake da shinkafa. Fetur zalla a cikin Bazawara? Haba Nechan. Papai ya goge kan injin nan da hannunsa har matsin da ke cikinsa ya wuce abin da fetur zai iya jurewa, komai tsadarsa. Man rake, itanol ɗin da kuke wucewa kullum a gidan mai, shi ne abincinta. Shi yake jure matsi, shi yake sanyaya cikin injin. Fetur mai tsadar ana ɗan haɗawa ne gwargwado don ta tashi da safe lokacin sanyi. In aka ba ta shi kaɗai, fashewa yake tun lokacinsa bai yi ba, ya yi ta dukan kan fistin kamar guduma. Kuma wannan dukan ana jin sa. Mijinki bai da kunne ne?

Kafin in tafi abu biyu na ce: a yi amfani da abin da ke cikin duro, kada a taɓa komai. Wanne ne mai wuya a ciki? Duro ya ƙare, sai a rufe gareji a jira ni. Da Mamai ta tafi a motar ƙwai, Papai ba zai yi fushi ba, a cikinta ya ƙare rayuwarsa.

Wannan injin shi ne abu na ƙarshe da Papai ya haɗa kafin hannunsa ya fara rawa. A ƙasar nan nakan tsaya awa goma sha biyu gaban na'ura, abin da ke riƙe ni shi ne ranar da zan dawo in murza makulli in ji muryarsa a salansa. Wannan aka ƙwace mini. Abin da na faɗa a waya ban janye ba.

Ƙanenki,
Tadao

Bastos, 12 ga Agusta, 2001

Tadao,

Muna lafiya. Mamai tana cin abinci, kaji suna ƙwai. Gaisuwar ke nan, ba ka cancanci fiye da haka ba.

Ba ka janye ba? To bari in tuna maka abin da ka ce, ko ka manta. Ka ce bare ya kashe Papai karo na biyu. Wayar a ɗakin girki take, muryarka kuma ka san ta. Dorival yana tsaye bakin ƙofa da hannu duk baƙin mai, Kawu Massao da matarsa suna zaune suna shan shayi. Kowa ya ji. Ya juya ya fita. Tun ranar bai sake zama teburi da mu ba, a rumfar tantance ƙwai yake cin abincinsa a tsaye.

Tunda ba ka tambayi yadda aka yi ba, ni zan gaya maka. Dorival ya san akwai man rake a duron nan, yana da hanci. Abin da ya ɗauka shi ne Papai yana yin irin haɗin direbobin tasi, wanda suke kira wutsiyar zakara, don rage kashe kuɗi. Kuma wa zai ga laifinsa? Papai ne fa, mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa ya sake kafa ta. Ana gobe addu'a ya tambayi Mamai, ta ce, "Gobe ranarsa ce, a ba ta mai kyau, kada a yi masa rowa." Ka san gidanmu. Shinkafar farko daga tukunya gaban hotonsa ake kai wa, turaren da ya fi tsada shi ake kunna masa. Mamaci ba a ba shi na araha. Dorival ya je har garin Tupã ya cika tanki da mai tsadar, ya dawo ya wanke ta, ya goge ta har da tsohon buroshin haƙori.

Da safe ta tashi tana baƙin hayaƙi. A kan tudu ta fara wata ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ya ce, "Mamai, bari in tsaya, ban yarda da wannan ƙarar ba." Ta ce, "Malam yana jira, taka mu je." Ya taka. Sauran mita ɗari biyun a bayansa ya goya ta, da gwiwar nan tata, sanye da rigarta ta makoki, har bakin kabari. Kai kana ina?

Yanzu ka ba ni amsa. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana gidan nan. Shi ke gyara motocin ƙwai, shi ke gyara tarakta da injin niƙan abincin kaji. Sau nawa kuka bar shi ya shiga garejin nan? In ya kawo muku kofi, kai da Papai sai ku juya harshe zuwa Japananci, yaren kakanninmu da ba ya ji, ya ajiye a bakin ƙofa ya koma. Ka bar masa makulli da duro kamar mai gadi, ba ka bar masa ko layi ɗaya na bayani ba. Duron shekara ɗaya ka haɗa, shi ya yi ta lallaɓa shi har kusan uku. Kuma ba ka taɓa kiran sa Nisan ba, yadda kowane ƙane yake kiran mijin yayarsa. Kullum mijinki, mijinki, sai ka ce sunan wata cuta.

Ya ce zai sauke injin ya gyara da hannunsa in aiki ya lafa. Ni kuma ga tawa. In ba za ka nemi gafararsa ba, kada ka sake rubuto mini. Ka rubuta wa Mamai, zan karanta mata, amma ni ba ni da ƙane.

Mitiko

Hamamatsu, 2 ga Satumba, 2001

Nechan,

Ina lafiya. Zafi ya yi yawa a nan, mutum biyu sun faɗi a sashenmu makon jiya. Ki gaishe da Mamai, ki ce mata ban ɗora mata laifi ba.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Goyon da ya yi wa Mamai na gode, ki faɗa masa haka in kin ga dama. Amma kin ce ba ki da ƙane saboda na faɗi gaskiya da zafi? Ke ce kika yi mini goyo, kin san bakina tun ba yau ba.

Abu ɗaya ya sa na zauna rubutu ban ko cire kayan aiki ba. Kada ya buɗe injin nan. Na roƙe ki, kada ya sa masa sufana. Ya je ya gyara tarakta.

Akwai abin da ba ki sani ba. Masu haɗa inji sukan buga lamba a cikin kowane fistin don ya koma raminsa. Papai ya ce lamba ta masana'anta ce, shi sunaye zai buga. Ni na riƙe, shi ya buga, da haruffan Japananci, a ciki ta ƙasa inda ido ba ya gani. Na farko kakarmu Bachan, na biyu shi, na uku Mamai, na huɗu ke, na biyar ni. Na shida ya makara a wajen mai gogewa, ya iso ranar da na kai ƙwai São Paulo, kafin in dawo ya saka shi ya rufe injin. Na tambaye shi sunan wa ya buga, ya ce in je in wanke hannu. Na san na Dichan ne, mahaifinsa, don shi kaɗai ya rage. Kin gane yanzu? Cikin injin nan gidanmu ne. Ba wurin da kowa zai zura hannu ba ne.

Kika ce ban bar bayani ba. Ƙwarai ban bari ba. Shekara biyu Papai ya yi yana gwada awon haɗin nan, jarka bayan jarka, yana duba launin fulogi, har ya ci kowa a tseren bikin ƙwai. Mutane nawa suka zo da kwalba suna roƙo ya hana su. Ya ce mini awon nan ba ya fita daga gida. Umarninsa na bi, kuma ba zan nemi gafarar bin umarnin ubana ba.

A rufe ta da tamfol. In na dawo ni zan buɗe.

Tadao

Bastos, 21 ga Oktoba, 2001

Tadao,

Na ce ba zan sake rubuto maka ba, Mamai ce ta sa ni. Tana lafiya, zafi ya shigo gwiwar ta saki. Ɗan gidan Hirata zai kawo maka wannan tare da ƙaramin kwali. Kada ka buɗe kwalin sai ka gama karatu.

Wasiƙarka ta iso 14 ga Satumba. Dorival ya riga ya sauke injin tun ranar bakwai, ranar hutu. Da ta zo da wuri ma ba zan hana shi ba, don haka kada ka zagi gidan waya. Na yi wata guda ina ajiye amsa saboda duk lokacin da na tuna kalmar nan taka, wai ba wurin da kowa zai zura hannu ba, sai in ajiye alƙalami.

Kwana uku ya yi yana kwancewa. Kowane noti da nasa kofin ƙwai, ya rubuta inda ya fito. Ban taɓa ganin mutum yana jin tsoron ƙarfe haka ba. Da ya wanke fistin ɗin ya ga rubutu a ciki, bai iya karantawa ba, ya ɗauka umarnin haɗawa ne. Sai ya jera su a tire yadda ya ciro su, ya shigo ɗakin girki, karo na farko cikin wata biyu, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Mamai, ki taimaka ki karanta mini, kada in sake yin wata ɓarnar."

Ta sa tabarau. Ta ɗauki na farko ta karanta sunan Bachan, ta dube ni. Ta karanta na Papai, da nata, da nawa. Ta ce, "Tsohon nan bai taɓa rubuta mini ko kati ba, ashe a nan ya ɓoye ni." Ta ɗauki na biyar, ta ɗaga shi sama, muka hango fitila ta cikinsa. Shi kaɗai ne ya huje. Naka ne. Dorival ya ce na baya sun fi saurin ɗaukar zafi, na ce masa ba sai ya gaya mini ba, ni na yi renonsa.

Ta ɗauki na shida. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta goge da gefen riga. Na ce, "Mamai, sunan Dichan ne?" A lokacin ban ga wasiƙarka ba, amma ni ma tunanin da na yi ke nan.

Ta ce, "Dorival, zo nan."

Ya matso. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan haruffan, tana karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Sunansa ne. Papai ya buga shi da ƙarfi fiye da sauran, har harafi ɗaya ya karkace.

Ba zan gaya maka abin da mijina ya yi ba, wannan ba rabonka ba ne. Abin da zan gaya maka shi ne haushi na ji, har yanzu ina ji. Na je gaban hoton Papai na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa da rai ba. Ya iya ɗaukar guduma ya buga sunan mutum a ƙarfe, amma shekara takwas ya kasa buɗe baki ya ce masa shigo ka zauna. Kai kuma ka kwashi shirunsa ka mai da shi doka.

Papai ya ce awon ba ya fita daga gida. To ga lissafin mutanen gidan da hannunsa. Biyar ɗin suna nan a tire, lafiyarsu ƙalau. Wanda ya lalace yana cikin kwalin, ka san yadda za ka yi da shi.

Mitiko

Hamamatsu, 11 ga Nuwamba, 2001

Nisan,

Ina gaishe ka. Ina fatan kai da Mamai kuna lafiya. Ka gaishe mini da matarka in tana karɓar gaisuwata. Wannan takardar taka ce, kada ta buɗe maka.

Ka samo alƙalami ka kwafe wannan a bangon gareji. Jarka uku na man rake, ɗaya na fetur mai tsadar. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyi, biyu da rabi na man rake, ɗaya na fetur, in ba haka ba za ka kashe batir ba ta tashi ba. A kowace lita ashirin ka zuba murfin kwalba ɗaya na man zurma, don man rake yana busar da kafireta. Fetur za ka fara zubawa, sannan man rake a kansa. Kada ka haɗa abin da ya wuce na wata ɗaya, yana shan ruwa daga iska. Wannan kuskurena ne da na bar maka duro guda.

Kafin ka yarda da kowane fetur ka gwada shi. A saman kanta, bayan gwangwanin ƙusoshi, akwai doguwar kwalba mai zane. Fetur zuwa zane na farko, ruwa zuwa na biyu, ka girgiza ka bar ta ta kwanta. In ruwan ya haura jan zanen da Papai ya yi, man raken da ke cikin fetur ɗin ya yi yawa, ka sauya gidan mai. Kuma in ka sake jin tsakuwa a gwangwani ka ɗage ƙafa, ko wa ke jira. Ka ji ta tun farko, kunnenka lafiya lau.

Abin da na faɗa a waya, tir da shi. Na faɗe shi a gaban Kawu Massao, a gabansa zan janye shi in na zo a watan Janairu. Na riga na gaya wa ɗan kwangila, na kuma yanki tikiti, ka faɗa wa matarka ta daina ƙirga mini shekaru.

Har yanzu ina jin haushi, amma yanzu tsohon nan nake jin haushi, da ya sa ni wanke hannu maimakon ya ba ni amsa.

Na sa an yi sabon fistin a nan, awo ɗaya da tsohon, zai iso ka kafin Kirsimeti. Ban buga masa komai ba. Guduma da ƙarafan buga haruffa suna cikin akwatin shayi a ƙarƙashin benci, Mamai za ta nuna maka yadda ake rubuta sunana. In ka ga ya cancanta ka buga. In ba ka gani ba, ka sa masa lamba biyar ka rufe injin.

Ƙanenka,
Tadao